Ƙungiyar 'yan itatuwa a makaranta ko unguwa: tambayoyin malamai da iyaye a Gombe

Tun da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green a 2019, da burin dasa itatuwa miliyan 4 cikin shekara 4, makarantu da ƙungiyoyin matasa suka shiga harkar dashe. Ga wasu tambayoyin da masu son kafa irin wannan ƙungiya ta yara kan yi.

Yara ba sa koyon wannan a aji ne? Me ya kawo wata ƙungiya?

Suna koyo, amma a allo. Yaro zai rubuto maka illolin kwararowar hamada guda biyar ya ci jarrabawa, ka fita da shi bayan gari ya kasa bambance marke da ƙirya. Gombe na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka ya ratsa a Najeriya, shirin dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Kwazazzaban da zaizayar ƙasa ta haƙa a cikin garin Gombe kuwa ba sai an nuna wa kowa ba. Aikin ƙungiya shi ne ta kai yaro bakin kwazazzabon, ya ga inda saiwa ta riƙe ƙasa da inda babu saiwa ƙasar ta zube.

Da me za a fara?

Da sanin itatuwan da ke tsaye tukuna. A gayyato dattijo manomi ko maharbi ya zaga da yara. Za ka ji yaro ya ce, "Baba, wannan ai ta bushe," yana nuna gawo a tsakiyar damina. Sai Baba ya yi dariya ya ce, "Da ranta, ɗana. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa, dabbobi kuma su samu abin ci lokacin da ciyawa ta ƙare." Daga nan sai ɗorawa da daddawa, kaɗanya da man kaɗe, bagaruwa da jima, kuka da miya. Ko darbejiya da ta cika titunanmu, yara da yawa ba su san asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta ba.

Sai an sayi tsirrai?

A'a, kuma gara kada a saya. Rabin ilimin a wurin reno yake. Yara su tsinto ledojin fiya wata, a yanke baki, a huda gindi, a cika da ƙasar gona haɗe da yashi da ruɓaɓɓen taki. Iri mai taurin ɓawo, kamar kuka, ɗorawa da bagaruwa, a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka, in ba haka ba sai a gaji da jira. Irin darbejiya kuma ba ya son ajiya, ana tsinta ana wankewa ana shukawa. Zogale ya dace da ƙananan yara saboda saurin fitowarsa. A yi rumfar kara, a rataya jadawalin masu ban ruwa, safe da yamma.

Yaushe ake dashe?

Nan ake yawan kuskure. Ranar Dazuzzuka ta Duniya 21 ga Maris ce, lokacin da zafin bazara ke ƙona tafin ƙafa a Gombe. Wanda ya dasa a ranar don a ɗauki hoto, ya kashe tsiron da hannunsa. A yi kacici-kacici ko wasan kwaikwayo a ranar, a fara reno, dashe kuwa a bari sai ruwa ya zauna, wajen Yuli, don saiwa ta kama kafin ɗaukewar ruwa a Oktoba.

Me ya sa itatuwan da ake dasawa da biki ke mutuwa?

Don kowa ya watse bayan an tafa. Abokan gaba uku ne: akuya, gara da rani. Akuya sai shinge, na ƙaya ko kara ko tsofaffin bulo, kuma a kafa shi ranar dashen, kada a ce gobe. Gara ana rage ta da toka da kwashe busassun itace daga gindi. Rani ne babbar jarrabawa, daga Disamba zuwa Afrilu. A nawa ganin, kowane yaro a ba shi itace ɗaya ko biyu da sunansa a jiki, ya riƙa auna tsawonsa yana rubutawa. Na kowa ba na kowa ba ne. Kyauta kuma a ba wanda nasa ya kai damina ta biyu, ba wanda ya fi yawan dasawa ba. Ruwan alwala na masallacin makaranta ma, in aka yi masa 'yar magudana, zai rayar da itatuwa da dama.

Dole sai dashe, ko akwai wata hanya?

Akwai, kuma ta fi arha. Kututturen da ke tofowa a gona, maimakon a sassabe shi duka, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya neman ban ruwa. Manoman Maraɗi a Nijar sun kama wannan dabara tun shekarun 1980, ta farfaɗo da miliyoyin kadada. 'Yan sakandare za su iya gwadawa a gonar makaranta.

Ina za a kai su su ga daji na gaske?

Gandun dajin Kanawa da ke Yamaltu-Deba yana kusa da gari. Masu hali su je Yankari a Alkaleri, jihar Bauchi. A nemi izini tukuna, a tafi da ma'aikacin gandun daji.

Yaron da a gidansu da itace ko gawayi ake girki fa?

Kusan duk 'yan ƙungiyar haka suke, don haka kada a mayar da iyayensu masu laifi. A nuna musu sassabar reshe maimakon kayar da itace, da murhun laka mai rage cin itace, wanda 'yan mata da maza za su iya ginawa a harabar makaranta, a dafa ruwa a kansa da kan murhun duwatsu uku, su auna itacen da kowanne ya ci.