Riƙon Bangaskiya da Shelar Bishara a Zamanin Intanet: Tambayoyi da Amsoshi

Shin sababbin hanyoyin sadarwa sun canja aikin bishara?

Hanyar isar da saƙon ce ta canja, kuma ikilisiya ta daɗe da sabawa da hakan. Wajen shekarar 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki da injin ɗab'i a birnin Mainz na Jamus, a 1931 aka buɗe Rediyon Vatican, a 2008 kuma manhajar YouVersion ta shigar da Nassi cikin wayoyin hannu. Umarnin da ake bi dai shi ne wanda Yesu ya bayar a Matiyu 28:19-20, cewa a je a almajirtar da dukan al'ummai.

Sauraron wa'azi ta waya ya wadatar ga mai bi?

A ganina bai wadatar ba, ko da yake ba na raina amfaninsa. A 2020, lokacin annobar korona, majami'u da yawa sun mai da sujadarsu ta intanet, har yau kuma tsofaffi da marasa lafiya suna cin moriyar wannan. Sai dai Ayyukan Manzanni 2:42 ya nuna cewa masu bi na farko sun lazimci abubuwa huɗu: koyarwar manzanni, zumunci, gutsuttsura gurasa da addu'a. Waya tana iya kawo koyarwa, amma ba ta zama kusa da mai makoki, ba a kuma cin Jibin Ubangiji ta cikinta. Abin da ya fi damuna shi ne, wanda yake zaɓar wa kansa masu wa'azi yakan tsaya ga waɗanda maganarsu ke yi masa daɗi, sai ya rasa mai tsawata masa cikin ƙauna sa'ad da ya kauce. Ba banza ba Ibraniyawa 10:25 ya gargaɗi masu bi kada su bar yin taro.

Yaya Kirista zai yi magana da wanda bai yarda da bangaskiyarsa ba?

Manzo Bitrus ya ce mai bi ya zauna a shirye ya ba da dalilin begensa, amma da tawali'u da girmamawa (1 Bitrus 3:15). Dubi Bulus a birnin Atina: bai fara da zagin gumakansu ba, sai ya ɗauko zancensa daga bagaden da suka keɓe wa allahn da ba su sani ba, har ya kawo maganar mawaƙansu. Waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ba da gaskiya. Mai cacar baki a Facebook yana iya kayar da abokin gardamarsa, amma da wuya wanda aka kunyata a bainar jama'a ya dawo da wata tambaya.

Ina matsayin iyaye a nan?

Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora musu koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune a gida da kuma a kan hanya. Yaron da ya zo da tambaya mai wuya wadda ya tsinta a intanet yana bukatar a saurare shi, a bincika amsar tare da shi, domin idan aka kore shi da faɗa, wani waje zai kai tambayar.