Waiwaye: Shekarun da layin dogon Gombe ya yi shiru

Duk lokacin da aka sake tayar da maganar farfaɗo da layin dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, hira a majalisun Gombe takan rabu gida biyu. Masu murna na lissafin yadda dakon masara da siminti zai yi sauƙi. Masu fargaba kuwa su ne waɗanda katangar gidansu, ko rumfar sana'arsu, ko hanyar da 'ya'yansu ke bi zuwa makaranta ta jingina da dogon. Daga nan sai gardama ta kaure. Waɗannan su ce da gangan mutane suka ci iyakar jirgi, a yi rusau kawai. Waɗancan su ce da guminsu suka saya, kuma ba wanda ya ce musu kanzil ranar da suke aza tubalin farko. Kowane ɓangare na magana kamar jiya aka kwana aka tashi aka tarar da gari a kan layi.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Dogo ya isa Kano a 1911. Wani ƙaramin layi da Turawa suka laƙaba wa sunan Bauchi ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, har aka rufe shi a 1957 bai taɓa leƙa garin Bauchi ba. Namu ya zo a makare. A 1958 Bankin Duniya ya ba Najeriya rancen dala miliyan 28, wanda shi ne na farko da ya ba ƙasar, aka fara shimfiɗa layi daga Kuru, kusa da Jos, aka nufi Borno. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dire a Maiduguri a 1964. A wannan shekara ta 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11. Gyaɗa da auduga da shanu suka bi tarago zuwa kudu, daga baya simintin Ashaka ya biyo sahu.

Faɗuwar ma kowa ya san ta. Kuɗin mai ya zo, aka malala kwalta, tirela da bas suka kwashe kaya da mutane. Shekara goma kacal bayan 1964 fasinja sun koma ƙasa da rabi, zuwa 2003 kuwa ba su kai miliyan 2 ba. A nan yawancin masu ba da labarin kan tsaya su yi tsalle zuwa yau, kamar tsakanin nan da can ba abin da ya faru sai tsatsa.

Abin da ake tsallakewa shi ne wannan: layin dogon da aka shimfiɗa mana ba shi da shinge a mafi yawan tsawonsa, amma bai taɓa zama ba mai tsaro ba. Mutane ne shingensa. An raba layin kashi-kashi, kowane kashi da rukunin leburorinsa da helumansu, suna zaune a 'yan gidajen reluwe kusa da inda suke aiki. Akwai wanda aikinsa shi ne ya taka ɓangarensa da ƙafa, da guduma da sifana a kafaɗa, yana duba ƙusar da ta saki, da silifar da ta ruɓe, wato gungumen da ake ɗaure ƙarfen dogo a kansa, da inda ruwa ya fara cin ƙasa. Akwai masu sare ciyawa da masu yashe kwalbati. A inda titi ya ratsa dogo cikin gari akwai mai gadi da tutarsa ja da kore, shi ke rufe hanya kafin jirgi ya iso. Ba wanda ya ɗauke su aikin hana gini, amma mutumin da ke bin wuri kullum safiya shi ne zai fara ganin turken da aka kafa jiya da dare. Zai tsaya ya yi sallama, ya ce malam nan filin jirgi ne. Yawanci a nan maganar ke mutuwa, tun ba a kashe ko sisi ba.

Shinge na biyu shi ne lokaci. Muddin jirgi na zuwa a ranakun da aka sani, unguwa gaba ɗaya na riƙe da jadawalinsa a ka. Uwa ta san sa'ar da za ta kira yaranta. Makiyayi ya san lokacin da ba a tsallakawa da garke. Waɗanda suka tashi kusa da tasha a Gombe ko Bauchi a wancan zamanin za su gaya maka ba a makaranta suka koyi tsoron dogo ba, odar jirgin ce ta koya musu, da ƙasar da ke girgiza ƙarƙashin ƙafa.

Shingayen nan biyu tare suka zube, kuma a hankali, shi ya sa ba wanda zai iya nuna ranar. Reluwe da ta taɓa ɗaukar ma'aikata kusan 45,000 ta dawo ƙasa da 7,000 a shekarun 2000, saboda kuɗin da ke biyan albashin ya bi titi tare da kayan. Mai guduma ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Ɗakin mai gadi ya zama kango. Jirgin da ke zuwa a kan ƙa'ida ya koma sai an gan shi, yau ya zo, sai kuma bayan makonni, daga baya watanni. A ganina wannan zangon ya fi na mutuwar layin gaba ɗaya ɓarna, domin a cikinsa ne mutane suka koyi cewa ana iya shanya a kan dogo a kwashe lafiya, ana iya zama a kansa a sha iska har magariba. Sau ɗari ka yi ba abin da ya same ka. Kalmar da ta maye gurbin odar jirgi ita ce: ai ba ya zuwa.

Ana cikin wannan hali ne, ranar 1 ga Oktoban 1996, aka yanke jihar Gombe daga Bauchi. Nan ne mahaɗar da ba a cika ambata ba. Garin da dogo ya bi ta gefensa a 1963 ya wayi gari babban birnin jiha, daidai lokacin da layin ba shi da mai taka shi. Ma'aikata suka dawo gida daga Bauchi da iyalansu, 'yan kasuwa suka biyo su, fuloti ya yi daraja. Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 260,000 a ƙaramar hukumar Gombe kaɗai, ban da unguwannin da suka malala cikin Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. Bauchi ta riga ta ga irin wannan tun 1976 da ta zama babban birnin jiha, sai dai ita lokacin jirgi na da sauran ƙarfi, mai gadi na nan a bakin aikinsa. Gombe kuwa bunƙasarta ta faɗo tsakiyar shirun. Bayan nan rikicin arewa maso gabas ya turo dubban iyalai daga Borno da Yobe, su ma suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu, kuma shi ne ya ƙarasa datse zirga-zirga a ɓangaren da ya nufi Maiduguri.

Wanda ya san yadda gari ke cin fili ya san ba da bulo ake farawa ba. Hanyar ƙafa ce ke fara ratsa dogon, don zagayawa ta titi da nisa. Inda ƙafa ta yawaita mai tallar gyaɗa zai ajiye faranti. Faranti ya zama tebur, tebur ya samu rumfar buhu, rumfa ta zama kwantena, kwantena ta samu daɓen siminti. A bayanta wani ya ja katanga. Filin ya sauya hannu sau uku ko huɗu, kowane ciniki da shaidu da 'yar takarda, har ya iso hannun wanda bai taɓa ganin jirgi ya wuce ta wurin ba. In ka ce masa ya ci iyakar jirgi, rantsuwa zai yi maka, kuma ba ƙarya yake yi ba. Shi ya sa kiran a yi rusau kawai bai gamsar da ni ba, haka ma kukan cewa ba wanda ya yi laifi. Na farkon da ya kafa turke ya san abin da yake yi. Sai dai ya daɗe da karɓar kuɗinsa ya yi gaba.

Gine-ginen ma su ne abin da ido ke gani. Akwai ɓarnar da ta fi su sanyin tafiya. Dogo a kan tsakuwa yake kwance don ruwa ya tsiyaye, to idan aka mai da shi juji, leda da toka suka toshe tsakuwar, ruwa zai kwanta, ƙasa ta yi laushi, layin ya lotsa. A gari irin Gombe, inda kwari ke cin unguwa sukutum da damina, kwalbatin da aka bari ya cushe ba ƙaramin abu ba ne. Sai kuma mashigan da jama'a suka yi wa kansu: a zuba jar ƙasa a kan dogo don babur da Keke Napep su samu hawa. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda ke bin gefen ƙarfen, shi ke riƙe ta a kan hanya. In ƙasa ta cike gurbin leɓen nan ta daskare, tana iya ɗaga ƙafar ta sauke tarago. Ga kuma masu kwance ƙusoshi da silifu su kai wa 'yan gwangwan a auna a kilo, sana'ar da ba ta yiwuwa a layin da ake takawa kullum.

Yaran da aka haifa cikin shirun nan yanzu su ne magidanta, su ne masu tuƙa Keke. Akwai abubuwan da jikinsu bai sani ba. Faɗin dogonmu milimita 1,067 ne, taku ɗaya mai kyau, amma jikin tarago ya zarce ƙarfen da kusan mita guda ta kowane gefe, don haka wanda ya matsa ya tsaya a bakin tsakuwa yana ganin ya kauce, bai kauce ba. Jirgi ba ya karkacewa. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, mai nauyin kaya in yana gudu sosai yakan ci fiye da kilomita kafin birki ya tsayar da shi. Kuma girmansa kan yaudari ido, ka hango shi kamar yana rarrafe alhali ya iso. A Amurka, inda jirgi bai taɓa daina wucewa ba, shiga layi ba bisa ƙa'ida ba shi ne kan gaba wajen kashe mutane a harkar jirgin ƙasa, ɗaruruwa duk shekara. Ina ga inda aka yi shekaru ana cewa ba ya zuwa, ga kuma abin sauraren waƙa toshe a kunne?

Legas ta riga mu ɗanɗana. Ranar 9 ga Maris ɗin 2023 jirgin fasinja ya yi karo da motar bas ta ma'aikata a wata mahaɗa a Ikeja, aka rasa rayuka, da dama suka jikkata. Sabon layin cikin birnin da ya bi ta wannan yanki sai da aka haɗa shi da gadojin sama a wurare irin su Yaba da Mushin da Ikeja, don a raba mota da dogo. Can ɗin kenan, inda kunne bai manta da oda ba.

Mu a nan an ɗan gwada dawo da jirgi tsakanin Gombe da Kafanchan a 2015, bai ɗore ba. A Maris ɗin 2021 aka ƙaddamar da gyaran layin gabas ɗin baki ɗaya, wato daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, kuma ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, a Filato kuma an dawo da na cikin gari tsakanin Jos da Bukuru. Kuru, inda namu ya samo asali, nan kusa take da Bukuru.

Gardamar majalisa dai har yanzu a kan diyya da rusau take, wa zai biya, wa zai tashi. Ban ji ana tambayar mutum nawa za a ɗauka su riƙa taka layin da ƙafa ba, ko mashiga nawa daga cikin waɗanda jama'a suka yi wa kansu za a amince da su a sa musu mai gadi, tunda unguwannin da ke hayin dogo ba za su koma inda suka fito ba, kuma gobe da safe yaransu ta nan za su tsallaka zuwa makaranta.