Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sama

Ranar Juma'a mun fita shan iska jejin Sumama, arewa da Riyad, kusa da filin da masu ƙananan jirage ke tashi. Muna shan shayi wani jirgi ya gifta ta kanmu. Kawuna ya ɗaga kai ya ce, "Farfela ɗaya ce fa. In ta tsaya sai salati." Da yake gyaran irinsu ne sana'ata, tambayoyi suka yo kaina.

In injin ya mutu, jirgin rikitowa yake yi?

A'a, Kawu. Fukafukai ne ke riƙe jirgi, inji tura shi gaba kawai yake yi. In ya mutu, jirgin zai riƙa gangarowa kamar shirwar da ta daina kaɗa fiffike. Cessna 172, wanda aka fi koyon tuƙi da shi, duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kusan mita 9 a gaba. Daga tsayin mita 1,000 ke nan yana da wajen kilomita 9 na neman wurin sauka.

Sai dai da sharaɗi. Dole matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgin, ya riƙe gudun kilomita 120 zuwa 125 a awa. Wanda tsoro ya sa ya ja hancin sama don gudun ƙasa, gudunsa zai ƙare, fukafukai su saki iska. Wannan ne faɗuwar gaske.

Me ke kashe injin?

Sau da yawa mai ne. Ko ya ƙare, ko an bar makunni a kan tankin da ba komai, ko ruwa ya shiga. Shi ya sa kafin tashi ake tatso ɗan mai daga ƙarƙashin fiffike a kofi mai garai-garai. Man shuɗi ne, in da ruwa za ka gan shi ya kwanta a gindin kofin, ɗigo-ɗigo. Aikin minti biyu, amma mai gaggawa kan tsallake shi.

Akwai kuma ƙanƙara a kafireta. Da na faɗi haka dariya aka yi mini: ƙanƙara a Saudiyya? Ai cikin kafireta sanyi ne da shi, in iska na da laima irin ta Jidda, ƙanƙara na iya toshe ta. Wuta kam ba ta cika ba da matsala ba, don kowace silinda fulogi biyu gare ta.

Zafin nan fa?

Yana rage wa inji ƙarfi, musamman a tudu irin Abha, da ta haura mita 2,000.

To ina zai sauka? Ai sahara duk fili ce.

Daga sama ne take fili. Yashi mai laushi kan riƙe tayar gaba, jirgi ya kifa. Fadamar gishiri da Larabawa ke kira sabka ta fi yaudara: sama a bushe, ƙasa taɓo. Ƙasa mai tsakuwa ta fi, a fuskanci iska, a rufe mai, a ɗan buɗe ƙofa kada ta maƙale. Kwalta kuwa ga motoci ga wayoyin lantarki.

Mafi munin lokacin mutuwar inji shi ne jim kaɗan bayan tashi. Zuciya na cewa a juya a koma filin jirgi, tsayin kuma bai isa ba. Ana koya wa matuƙi ya sauka a abin da ke gabansa.

Wa zai san inda yake?

In da hali, ya kira "Mayday", wato neman agaji, sau uku a rediyo kan mita 121.5, ya sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna shi a rada. Bayan ya sauka kada ya bar jirgin. Masu nema sun fi hango fukafukai a kan mutum ɗaya cikin rairayi.

Jiragen ba su da lemar sauka ne?

Jiragen Cirrus suna da ita, babba, mai sauko da jirgin ɗungurungum. Kawu ya kurɓi shayi ya ce in dai dole ne, wannan za a sa shi.