Waiwaye: Yadda gwalalon gidajen manyan ƙauye a Ingila ya zama kayan tarihi

A Ingila an san wurare kusan 6,000 da aka taɓa kewaye gida da gwalalo mai ruwa, galibinsu a tsakiya da gabashin ƙasar. An fi haƙa su tsakanin 1250 da 1350. Ba irin gwalalon ganuwar Kano ba ne da aka yi don tare mahara; wannan na nuna isa ne, mai gona ya samu wadata yana so maƙwabta su shaida.

Shi ya sa al'adar ba ta mutu da zuwan bindiga ba. An fara gina Little Moreton Hall a Cheshire wajen 1504, gidan katako ne da ba zai jure harin awa guda ba, amma ga shi ruwa ya zagaye shi. A Groombridge da ke Kent kuwa, wani lauya mai suna Philip Packer ya gina sabon gida a 1662 cikin tsohon gwalalon da ya tarar. Daga baya ne yayi ya sauya, masu hali suka koma son fili buɗaɗɗe, aka cike wasu gwalalan, wasu suka zama mashayar shanu.

Hukuma ta daɗe ba ta waiwaye su ba. Dokar farko ta kare kayan tarihi, ta 1882, wurare 68 kacal ta lissafa, akasarinsu kaburbura da duwatsun mutanen da can can. Sai a shekarun 1970 masu tonon tarihi suka kafa ƙungiya ta musamman don ƙidaya gwalalan, sannan dokar 1979 ta haramta taɓa duk wurin da aka yi wa rajista sai da izinin gwamnati. Daga 1986 hukumar kula da kayan tarihi ta English Heritage ta bi su gunduma-gunduma tana tantancewa.

Dokar ta 1979 tana da wani lauje cikin naɗi. Ba ta hawa kan gidan da mutane ke zaune a ciki, don haka sai a kare ginin da wata doka dabam, gwalalon da ƙasar da ya kewaye kuma da wannan. Ga masana, dukiyar tana cikin lakar ƙasan ruwan, inda katako da fata da irin shuka ba sa ruɓewa. Manomin da ya yashe gwalalonsa da niyyar gyara, cikin wuni ɗaya yakan kwashe tarihin shekaru ɗaruruwa. Kuma har yau akwai sassaucin da ke barin a ci gaba da noma wasu wuraren da aka kare, muddin garma ba ta zarce zurfin da ta saba ba.