Kakanmu ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba: ina za mu nemi kabarinsa?

Su wane ne suka je wannan yaƙi?

A Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta kwashi sojoji daga Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya ta kai su Bama, wato Myanmar ta yau, don yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta gwabza a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 kuma a Arakan. Da yawansu 'yan Arewa ne. Barikin Kalapanzin da ke Kaduna da na Chindit a Zariya daga can suka samo sunayensu.

Ina ake fara bincike?

A gida. A tambayi tsofaffi, a buɗe tsohon akwati ko adaka, a duba wasiƙa, takardar fansho ko lambar yabo. Abin da ake nema shi ne lambar soja. Ta 'yan Najeriya kan fara da NA. Daga nan sai shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila. Binciken kyauta ne, kuma rajistarta ta Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙunshi waɗanda suka rasu daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947.

Mun rubuta sunansa, bai fito ba. Me ya sa?

Nan ne akasari ake karaya, kuma bai kamata ba. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa garinsu ko ƙabilarsa maimakon sunan uba. Wanda gida suka sani da Audu ɗan Malam Isa sai ya zama Audu Katsina a takarda. Rubutun ma da kunnen Bature aka yi shi: Muhammadu ya koma Momadu, Garba ya koma Garuba. Wasu kuma da gangan suka sake suna, don sun shiga soja ba da sanin iyaye ba. Saboda haka a gwada kowane salon rubutu, a gwada garin haihuwa da kuma garin da aka ɗauke shi. Lamba dai ba ta sauyawa, shi ya sa ta fi suna amfani.

Idan an same shi, kabari ne?

Ba lallai ba. Maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon a Myanmar tana da kaburbura sama da 6,000, amma a tsakiyarta akwai ginshiƙan dutse masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. Wanda ya faɗi a kurmi lokacin damina, abokansa suka binne shi cikin gaggawa, da wuya a sake gano wurin.

Yaya za mu tuna da shi?

Najeriya na tunawa da 'yan mazan jiya ranar 15 ga Janairu. A gida kuwa a yi masa addu'a da sadaka, a buga takardar shaidar da shafin ke bayarwa, a rubuta sunansa na gaskiya a ƙasanta don jikoki. Allah ya jiƙansa.