Kafin a kira injin haƙa, a nemi taswirar ruwa

Duk wanda ya yi aiki da jama'ar da fari ya addaba ya san takaicin burtsatsen da ta ƙi ba da ruwa. An tara kuɗi da ƙyar, injin ya zo, an huda ƙasa kwana da kwanaki, ƙura kawai ke fitowa. Sau da yawa zaɓen wurin aka yi da ka.

Yanzu akwai taimako daga sama. Taurarin ɗan adam kamar Landsat na Amurka, da ke ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, da Sentinel na Turai, hotunansu kyauta ne. Sai dai ba ruwan suke hangowa ba, alamunsa suke nunawa. Masana kan duba inda dutse ya tsage ya yi dogon layi, domin a ƙasa mai dutse cikin tsaga ruwa ke maƙalewa. Su duba kwari da tsohuwar hanyar kogi da yashi ya binne, da inda itatuwa ke zama kore shar a tsakiyar rani alhali kewayensu ya bushe. Su haɗa da gangaren ƙasa, da irin turɓayar wurin, da yawan ruwan sama, kowanne a ba shi nauyinsa a kwamfuta. Daga nan taswira ke fitowa: nan akwai kyakkyawan zato, can zaton kaɗan ne.

Zato na ce, kuma ina so a riƙe wannan kalma. A 2013 an sanar da gano babban tafkin ƙarƙashin ƙasa na Lotikipi a yankin Turkana na arewacin Kenya, bayan bincike da hotunan tauraro. An yi murna sosai, don mutanen wurin sun sha wuyar fari. Da aka gwada ruwan, a 2015 sakamako ya nuna gishirinsa ya yi yawa, ba ya shawuwa sai an cire gishirin. Hoto ba ya ɗanɗana ruwa.

Saboda haka idan an ce za a haƙa muku burtsatse, ku tambaya: an duba taswirar? Idan an duba, masani ya zo da na'urarsa ya soke ƙarafa a ƙasa ya yi gwajin lantarki, don a san zurfin da ruwan yake? Ku ma ku ba shi abin da kuka sani. Dattijon da ya san rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba, da wadda ke janyewa tun farkon rani, yana riƙe da bayanin da masanin ke buƙata.

In an dace ruwa ya fito, kada a yi saurin sa famfo. A bar injin ya ja ruwa na tsawon sa'o'i, a ga ko yana komowa da wuri, sannan a kai samfuri ɗakin gwaji a duba gishiri da ƙwayoyin cuta kafin yara su fara sha.