Wasannin gini na kwamfuta a azuzuwan firamare

Wasannin gini na kwamfuta su ne waɗanda ake ba mai wasa fili da kayan aiki, ya haƙa, ya jera tubala, ya rushe, ya sake ginawa yadda ya ga dama. Mafi shahara a cikinsu shi ne Minecraft. Malaman firamare a ƙasashe da dama suna shigar da su aji don koyar da lissafi, kimiyya, tarihi da rubutu. A irin wannan koyarwa wasan ba ladan gama aiki ba ne, a cikinsa ake yin darasin.

Asali

Tunanin ya girmi kwamfuta. Tun wajajen 1840 Friedrich Froebel na Jamus yake ba ƙananan yara guntayen katako su yi gini. Daga baya Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya koyar a jami'ar MIT ta Amurka, ya yi bayanin cewa ilimi ya fi zama a kan yaro idan ya ƙera wani abu da zai nuna wa mutane. Duk wanda ya ga yaran Sakkwato suna gina shanu da rumbuna da laka, ko suna haɗa mota da kara, ya san wannan magana gaskiya ce.

Markus Persson na ƙasar Suwidin ne ya fitar da Minecraft a 2009, cikakkensa ya fito a 2011. Kamfanin Microsoft ya sayi Mojang, kamfanin da ke da wasan, a 2014 kan dala biliyan 2.5, sannan a watan Nuwamba na 2016 ya fitar da nau'in makarantu, wanda yanzu ake kira Minecraft Education. Kafin nan, a 2013, makarantar Viktor Rydberg da ke Stockholm ta wajabta wa ɗalibanta 'yan shekara 13 darasi da shi. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta fara shirin Block by Block a 2012, inda mazauna unguwa ke zana filayen jama'a a cikin wasan. An fara gwada shi a unguwar Kibera ta Nairobi.

Akwai kuma wani wasan gini irin wannan mai suna Luanti, wanda Perttu Ahola ya fara a 2010 da sunan Minetest, aka sauya masa suna a 2024. Kyauta ne, kuma yana tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci da wayoyin Android.

Yadda darasi ke tafiya

Abin da ya sa wasan ya dace da lissafi shi ne kowane tubali a Minecraft mita ɗaya ne tsawo, faɗi da tsayi. A ce malamin aji biyar ya umurci ɗalibai su shimfiɗa daɓen ɗaki mai tsawon tubali 6 da faɗin tubali 4. Za su ƙirga tubali 24, wato girman filin, murabba'in mita 24. Sai ya tambaye su tubali nawa za su ci idan aka ɗora layin farko na bango a kan tubalan bakin daɓen. Yawancinsu za su ce 20, domin kewayen ɗakin mita 20 ne. Da sun jera sai su ga 16 sun isa, saboda tubalin kowace kusurwa bango biyu yake yi wa aiki. Gardamar da za ta kaure kan inda huɗun nan suka shige ta fi maimaita ƙa'ida sau goma a allo amfani. Haka tankin ruwa: wanda cikinsa ya kai 3 sau 3 sau 2 yana ɗaukar lita 18,000, yaro kuma zai iya shiga ciki ya zagaya.

Nau'in makarantu yana da allunan da malami ke rubuta umurni, da kyamara da kundin da ɗalibi ke ajiye hoton aikinsa, da tubalan iyaka da ke hana yara fita daga filin darasi. An ƙara masa sashen kimiyyar sinadarai a 2018, akwai kuma wurin koyon rubuta umurnin kwamfuta. Malami na iya cire dodannin da ke fitowa da dare a cikin wasan, ya bar gini zalla. Wannan ya kamata a yi a firamare.

A darasin tarihi, ɗaliban Sakkwato ba su rasa abin ginawa ba: ganuwar da Muhammadu Bello ya kewaye garin da ita, da ƙofofinta irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya, ko Hubbare, ko gida mai zaure da shigifa da tsakar gida. Kafin a taɓa kwamfuta sai sun je sun duba, sun auna da taku, sun tambayi dattawa, sun zana a takarda. Nan ma za su ci karo da iyakar wasan. Tubalinsa mai kusurwa huɗu ne, rumbu kuwa zagayayye, don haka sai an yi dabara a jera shi hawa-hawa kafin ya yi kama da na gaske.

Sharuɗɗa da cikas

Wasan ba ya koyar da kowa komai da kansa. Idan babu tambayar da aka ɗora wa yara, da lokacin da aka yanke, da abin da za su rubuta ko su bayyana bayan sun gama, minti arba'in zai wuce suna haƙa rami. Shi ya sa horar da malami ya fi sayen na'ura muhimmanci, kuma cibiyoyi irin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) su ne wuraren da irin wannan horo ya dace ya fito.

Sai batun kaya. Minecraft Education yana buƙatar lasisin da ake biya duk shekara, da asusun Microsoft, da intanet don shiga. Luanti ba ya buƙatar ko ɗaya, kwamfutocin ɗaki guda na iya haɗuwa a fili ɗaya ba tare da data ba, wanda ya sa ya fi dacewa da makarantar da ke dogara da sola. Wutar lantarki ba ta tsayawa, zafin bazara a Sakkwato yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe na'ura, don haka ɗakin kwamfuta na son rufi da iska.

Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma azuzuwa da yawa sun zarce haka nesa. Mafita ita ce a raba yara rukuni-rukuni: ɗaya na riƙe da zane, ɗaya na ƙirga tubala, ɗaya na jerawa, ɗaya na rubutawa, ana karɓa-karɓa. Dole malami ya sa ido a nan, domin yaran da suka saba da waya a gida sukan mamaye na'urar, 'yan mata da 'ya'yan marasa hali su koma 'yan kallo. Iyaye kuma suna da haƙƙin tambayar dalilin da ya sa ake wasa a lokacin karatu, kuma amsar da ta fi gamsar da su ita ce a nuna musu zanen yaron, da lissafinsa, da ginin da ya fito daga ciki.